Ina Tsoro Kuma Ina Son In Dogara ga Allah: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kariyar Ubangiji

Na jima ina jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a ƙaramin rukuni, kuma abin da na lura shine duk ranar da maganar tsoro ta taso sai ɗaki yayi tsit, kowa ya duƙar da kai kamar ana neman wanda ya fasa kofi, sai an tashi ne wani zai ja ni gefe yace "malam dama akwai abin da nake son tambaya". Tambayoyin kusan iri ɗaya ne shekara da shekaru, shi yasa na tara su. Ni ba fasto bane, kuma ni kaina matsoraci ne na gaske, don haka amsoshin daga bakin wanda yake cikin abin suka fito.

Ina yawan jin tsoro. Wannan na nufin bani da bangaskiya kenan?

A'a ɗan'uwa. Buɗe Zabura 56 ka duba ɗan rubutun da ke samanta, an ce Dauda ya yi ta ne lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat. Labarin zuwansa Gat yana 1 Sama'ila 21, kuma ba labarin jarumta bane ko kaɗan, mutumin da ya kashe Goliyat ne fa tsoro ya kama shi a gaban sarki Akish har ya maida kansa mahaukaci, yana zane-zane a ƙyauren ƙofa yawu na zuba a gemunsa don kawai a kore shi da rai. Wannan mutumin ne yace a aya ta 3 ta Zaburar, sa'ad da nake jin tsoro zan dogara gare ka. Kaga tsoron da dogarar a layi ɗaya suke zaune, ɗaya bai jira ɗaya ya fita ba.

Bulus ma haka, a 2 Korintiyawa 7:5 ya faɗa da bakinsa cewa da suka isa Makidoniya a waje faɗa a ciki tsoro. Shi kansa Yesu a Getsamani ya cewa almajirai uku ransa na shan wahala har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In har ɗimuwar zuciya zunubi ce toh mun shiga uku da wannan ayar.

Amma ai an ce "kada ka ji tsoro" ta zo sau 365 a Baibul, ɗaya don kowace rana?

Ana ta tura wannan a waya, yana da daɗin ji, amma in ka zauna ka ƙirga ba zai fito maka 365 cif ba, lissafin ya danganta da fassarar da ka riƙe da irin jimlolin da ka yarda ka haɗa. Ta zo da yawa dai kam. Ni abin da ya fi jan hankalina muryar da ake faɗinta ce, galibi da dalili a bayanta, kamar Ishaya 41:10 inda dalilin shine ina tare da kai. Irin maganar uwa ce ga yaron da ya farka cikin duhu yana kuka, tana cewa yi shiru gani nan. Mu ne muke karanta ta da muryar hedimasta.

Zabura 91 tace mugun abu ba zai same ka ba. To meyasa mai bi na ƙwarai yake mutuwa a hatsari ko ciwo, ko a kashe shi?

Wannan ce tambayar da ke ƙarƙashin duk sauran, kuma mafi yawan masu yinta akwai sunan wani a zuciyarsu, don haka bari in ɗan daɗe a kanta.

Abu na farko da ya kamata ya tsayar da mu shine wanda ya fara amfani da Zabura 91 a matsayin garanti a Sabon Alkawari. Shaiɗan ne. A Matiyu 4 ya kai Yesu kan tsororuwar Haikali ya jawo masa ayar mala'iku za su tallafe ka, yace to diro mu gani. Yesu bai ce Zaburar ƙarya bace, ya dai ƙi ya maida ita abin gwada Allah. Kuma wannan Yesun da alkawarin ya fi dacewa da shi fiye da kowa, shi aka gicciye.

Sai ka je Ayyukan Manzanni 12. A aya ta 2 Hiridus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, layi ɗaya tak aka bashi, babu bayani. 'Yan ayoyi kaɗan a gaba an kama Bitrus, sojoji 16 na gadinsa bi da bi, sarƙa biyu a hannu, mala'ika ya zo ya tashe shi ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Sarki ɗaya, birni ɗaya, manzanni biyu da suka hau dutse ɗaya tare da Yesu, ɗaya ya fita ɗaya bai fita ba, kuma Luka bai ce mana Bitrus ya fi bangaskiya ba. Na sha tunanin mahaifiyar Yakubu in tana raye a daren da ake murnar Bitrus, ko yaya ta zauna a cikin taron nan.

Ibraniyawa 11 ma haka ta jera su. Ta fara da waɗanda suka rufe bakin zakoki suka tsere wa kaifin takobi, mu kuma anan muke son tsayawa mu tafa, amma a tsakiyar aya ta 35 sai ta juya ba tare da ta ja numfashi ba, waɗansu kuma aka azabtar, aka jejjefe su, aka tsaga su da zarto, aka kashe su da takobi. Duka ɓangarorin biyu tace an yaba musu saboda bangaskiya. Shi yasa nake ganin maganar Yesu a Luka 21:16 zuwa 18 ita ce mabuɗin, don a numfashi ɗaya yace za a kashe waɗansunku, sannan yace ko gashi ɗaya na kanku ba zai hallaka ba. Ko dai ya yi tuntuɓen harshe, ko kuma kariyar da yake nufi ta wuce kabari. Romawa 8 ta lissafa tsanani, yunwa, hatsari, takobi, bata ce ba za su zo ba, abin da ta rantse a kai shine ba za su iya raba mu da ƙaunar Allah cikin Almasihu ba.

Na san wannan amsar bata cire zafi. In wani yayi maka alkawarin cewa muddin ka biya zakka ka yi azumi babu abin da zai taɓa ka, ya sayar maka da abin da Yesu bai sayar wa manzanninsa ba, kuma ranar da abu ya faru kai za a bari da laifi.

In haka ne, meye amfanin addu'ar neman tsari?

Yesu ne da kansa ya sa ta a addu'ar da ya koya mana, ka cece mu daga Mugun, don haka roƙon ba ƙaramin tunani bane. Kuma yana amsawa, Bitrus ɗin nan ikilisiya na kan addu'a dominsa ne ya fito. Abin dariya ma da ya ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar nan Roda ta gane muryarsa ta ruga ciki don murna ta manta bata buɗe ba, masu addu'ar kuma suka ce mata kin haukace. Kaga ko bangaskiyar tasu bata cika mudu ba amma aka amsa.

Ka roƙa kai tsaye, ka faɗi abin da kake so. Yesu sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahalar gicciye, Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar nan ta jikinsa, duka biyun amsar bata zo yadda suka roƙa ba amma babu wanda aka tsawata wa don ya roƙa. Samarin nan uku a Daniyel 3 sun haɗa abin da kyau a gaban Nebukadnezzar, Allahnmu yana da iko ya cece mu, in ma bai cece mu ba gunkinka dai ba za mu yi masa sujada ba.

Kulle ƙofa, shan magani, yin inshora, ko gudu daga inda ake hatsari, ba rashin dogara bane?

Ina jin wannan sosai, musamman daga matasa masu zafin bangaskiya. Nehemiya 4:9 ta gama maganar a taƙaice, muka yi addu'a ga Allahnmu muka kuma sa masu tsaro dare da rana. Magina na aiki da hannu ɗaya makami a ɗayan, a haka suka gama garun Urushalima cikin kwana 52.

Hezekiya sarkin Yahuza ya fi burge ni. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu Sennakerib na Assuriya ya zo ya cinye biranen Yahuza, a rubutunsa da aka tono yana alfaharin ya ci birane 46 ya kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Hezekiya ya ɗauki wasiƙar barazanar ya kai Haikali ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika wa'azi a kai ba shine wannan sarkin ya toshe maɓuɓɓugan ruwa na bayan gari ya janyo ruwan Gihon zuwa cikin birni, kuma ramin da ake kira da sunansa har yau yana nan a ƙarƙashin Urushalima, ya haura mita 500 a cikin dutse, mutane na bi ta ciki ruwa na dukan ƙafarsu. Mai addu'a ne kuma mai haƙa rami ne.

Bulus an zura shi a kwando ta bangon Dimashƙu da dare. Wata rana a Urushalima Ubangiji ya tsaya kusa da shi yace sai ka yi shaida a Roma, washegari ɗan 'yar'uwarsa ya kawo labarin mutum fiye da 40 sun yi rantsuwa ba ci ba sha sai sun kashe shi. Bai ce ai ina da alkawari a bar su ba, ya tura yaron wajen shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare da rakiyar mutum 470. Yusufu ya ɗauki jariri Yesu ya gudu Masar. Yesu yace in sun tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan.

Amma kar mu yi wa junanmu shari'a akan wannan. Ezra ya ji kunyar roƙon sarkin Farisa sojojin rakiya don ya riga ya faɗa masa hannun Allah na tare da su, sai ya kira azumi a bakin kogin Ahawa suka tafi haka. Nehemiya kuma ya karɓi sojoji da mahayan dawakai, hanya kusan ɗaya. Littafi bai zargi ko ɗaya ba. A 1527 da annoba ta shiga Wittenberg a Jamus, Martin Luther ya ƙi barin gari saboda marasa lafiya, amma a rubutun da yayi kan batun bai hana wanda bashi da nauyin kowa a kansa ya tafi ba, kuma ya yi kaca-kaca da masu ƙin magani suna cewa bangaskiya ce, yace gwada Allah suke yi. Rigakafi dai har yanzu ya fi magani. Ka ɗaura bel ɗinka.

Ina sa Baibul a ƙarƙashin filo, ko in bar shi buɗe a Zabura 91. Laifi ne?

In yana tuna maka ka karanta ne, madalla. In kuma ranar da ka manta baka sa ba sai gabanka ya faɗi kaji yau ba tsaro, toh ya zama laya. Isra'ilawa sun gwada irin wannan a 1 Sama'ila 4, Filistiyawa suka kashe musu wajen mutum 4,000 sai suka ce a ɗauko akwatin alkawari daga Shilo ya cece mu, aka kawo ana ihu har ƙasa na girgiza, a karo na biyu 30,000 suka faɗi aka ƙwace akwatin ma. Haka nake kallon sitika a gilashin mota da mai da ruwan da ake cewa an yi wa addu'a.

Mummunan abu ya same ni. Wani zunubi ne ya sa Allah ya janye kariyarsa?

Akwai abin da mutum ke jawo wa kansa, wanda ya sha ya bugu ya kama sitiyari ba sai an yi dogon bincike ba. Amma lissafin nan na cewa duk masifa sakamakon wani zunubi ne na ɓoye, Yesu ya rushe shi sau biyu. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, yace kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, a'a. A Yohanna 9 almajirai suka ga makaho suka fara tambayar wa yayi zunubi shi ko iyayensa, yace ba ko ɗaya. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune da shi shiru, nan ne suka yi daidai, da suka buɗe baki suka fara nemo masa laifi sai da Allah yace musu a ƙarshe baku faɗi gaskiya game da ni ba. 'Yar'uwa in lamirinki ya nuna miki wani abu takamaimai ki tuba, gafara na nan. In kuma babu komai sai wani nauyi mara suna da mutane suka ɗora miki a zaman jaje, ki ajiye musu kayansu.

Tsoron ya kai bana barci, zuciyata na bugawa, numfashi na ɗaukewa. In je asibiti ko in ƙara addu'a?

Je asibiti, ka yi addu'a a hanya. Jiki na da nasa tsarin, in ƙwaƙwalwa ta hango hatsari sai ta saki sinadarin da ke sa zuciya gudu, gumi ya karyo, hannu ya yi rawa, kuma wanda ya taɓa shiga tashin hankali wannan ƙararrawar kan riƙa kaɗawa ko babu komai, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai likitoci da masu ba da shawara da suka san aikin nan, wani lokacin ma wani ciwo ne daban a jiki yake kawo bugun zuciyar, gwaji ne zai nuna.

Dubi yadda Allah ya bi da Iliya a 1 Sarakuna 19. Mutumin da ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450 saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu har jeji, ya kwanta a gindin itace yace ya isa haka ka ɗauki raina. Mala'ikan da aka aiko bai zo da wa'azi ba, tashi ka ci yace masa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Maganar ta zo daga baya a Horeb, da yace shi kaɗai ya rage aka gyara masa lissafi cewa akwai mutum 7,000 da basu durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma haɗa shi da Elisha don kar ya ci gaba shi kaɗai. In tunanin ka kashe kanka ya fara zuwa maka, kar ka kwana da shi, faɗa wa wani yau ɗin nan kuma a kai ka wajen likita.

Ni ba kaina nake ji ba, 'ya'yana nake tsoro wa. Ya zan yi?

Nan ne nawa raunin yake. Akwai daren da ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi har ta fara fizge-fizge, muka kwana a asibiti, mamanta na ciki ni ina barandar kan wani benci mai sanyi, fitilar saman kaina na ƙiftawa tana ƙara kamar sauro, na buɗe Baibul a waya na kasa karanta ko layi ɗaya don hannuna rawa yake. Duk ayoyin da nake koya wa mutane suka gudu. Abin da ya rage a bakina kawai "Ubangiji taka ce, taka ce", kuma gaskiya ina faɗa ne ina ƙin abin da nake faɗa, don na san ma'anarsa. Ta warke. Amma a daren akwai wani uba a ƙarshen bencin da nasa yaron bai kai safe ba, kuma naji yana addu'a fiye da ni, shi yasa bana iya ba da wannan labarin a matsayin shaidar cewa addu'ata ce ta fi.

Mahaifiyar Musa ta ɓoye shi wata uku, da ɓoyon ya gagara ta saƙa kwando ta shafe shi da kwalta yadda ruwa ba zai shiga ba, ta zaɓi wuri cikin iwa a bakin Nilu, ta sa yayarsa ta tsaya daga nesa. Duk abin da hannu zai iya ta yi, sannan ta cire hannun. Bansan wata hanyar da ta wuce wannan ba, kuma cire hannun ba sau ɗaya ake yinsa ba, duk safiyar da suka fita sai ka sake.

Ina addu'a amma bana jin komai, kamar Allah yayi shiru.

Zabura 88 tana nan saboda kai, ita bata juya zuwa yabo a ƙarshe kamar sauran ba, da duhu ta rufe, kuma aka bar ta a littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Almajirai a tekun Galili ruwa na cika jirgi Yesu na barci a kan matashi, suka tashe shi da magana mai kaifi, Malam baka damu ba za mu hallaka? Baran Elisha a Dotan ya ga sojojin Suriya sun kewaye gari, da aka buɗe masa ido ya ga dutsen cike da dawakai da karusan wuta, ai dama suna wajen tun yana rawar jiki. Ji a jiki yana zuwa yana tafiya, wani lokacin gajiya ce kawai.

Ni ba kowa bane, meyasa Allah zai damu da tsarona?

A Matiyu 10 Yesu yace ana sayar da 'yan tsuntsaye biyu a ƙaramin kuɗi ɗaya, a Luka 12 kuma biyar a kuɗi biyu. Yi lissafi, na biyar ɗin gyara ne. Shi ma yace Allah bai manta da shi ba.

Toh ƙarfe biyun dare ne, na farka gabana na faɗuwa. Me zan yi a lokacin?

Zan faɗa maka abin da nake yi, ba doka bace. Na farko ina kife wayar, don labaran da zan gani a wannan lokacin babu wanda zan iya gyarawa kafin asuba. Sai in kira tsoron da sunansa a fili, ba "Ubangiji ka san damuwata" ba, a'a, ina tsoron sakamakon gwajin nan, ina tsoron aikin nan zai tafi, don in ka faɗe shi yakan ragu ya koma girmansa na gaskiya. Filibiyawa 4:6 tace ku sanar da Allah roƙe-roƙenku, kuma wanda ya rubuta ta a ɗaure yake, kalmar da ya zaɓa a aya ta 7 cewa salamar Allah za ta tsare zukatanku kalmar gadi ce ta soja. Daga nan in tambayi kaina ko akwai abin da ya kamata in tashi in yi yanzu, in akwai in yi shi, duba ƙofa ne ko auna zafin jikin yaro, sau ɗaya ba sau biyar ba. In babu sai in rubuta a takarda don safe.

Sai aya ɗaya gajera, ni Zabura 4:8 nake riƙewa, zan kwanta in yi barci cikin salama, ina maimaita ta a hankali tare da numfashi. Wani daren barcin ya zo, wani daren har gari ya waye idona biyu. Irin wannan safiyar nakan tura wa wani ɗan'uwa a rukuninmu mesej kalma biyar, daren jiya sai a hankali, shi kuma baya min wa'azi, kira yake yi ya tambaya ko na karya, sannan yace to bari mu yi addu'a kafin ka fita.